Riɗin Da Ke Bayan Gamba

"Ke Jaratu, hwaɗa muna gaskiya! Mushen nan naki ya san inda aka riƙon hauya kuwa? Ko alli kaɗai hannunai ya sani?"

Biba ce ta jefo mini wannan tambayar muna tsakar gida muna surfe, mata sun fi goma a kan turame. Biba taubashiyata ce, 'yar kawuna, kuma tun muna yara Allah ya ɗora mata aikin tsokanata, ba ta taɓa yin fashi ba.

"Ina ruwanki da hannunai?" na ce, ina ƙara dukan turmi.

"Ruwana kuwa! Mijin da bai iya noma ba, mi za ki ci? Takarda?"

Mata suka kwashe da dariya, har wata gwaggonmu ta Azarori ta saki taɓarya tana riƙe ciki.

Daminar 1964 ce, lokacin maimai. Kowace shekara idan hatsi ya kai gwiwa, dangi kan taru a gidan Kaka Barmo, a ƙauyenmu na gindin dutse kusa da Buza, don gayyar gandunsa. Na Urno su zo, na Azarori su zo, na Kaita su zo a kan jakuna da 'ya'ya da kaji. Kwana uku ake yi ana ci ana sha ana tonon tsofaffin faɗa. Rana ta ƙarshe Kaka ya zauna a gindin rumbu ya yanke maganar auren da za a yi da kaka.

Ni daga Madawa na zo. Can nake zaune wurin Gwaggo Delu tun rasuwar iyayena, ina taya ta tuyar ƙosai a bakin lakwal, wato makarantar boko. A nan na haɗu da Alƙasim, malamin aji biyu, wanda kowa ke kira Mushe, kamar yadda ake kiran malaman boko da Faransanci. Wata takwas yana sayen ƙosan da ba ya ci kafin ya iya buɗe baki ya ce yana sona. Aurena kuwa a hannun Kaka yake, domin uwata da ubana 'ya'yan wa da ƙane ne.

Da na yi shiru a ranar nan, da an yi dariya an wuce. Amma ni bakina ya fi ni sauri.

"To ku ji! In ya shiga gona, shina barin Mato baya da sahu biyu!"

Mata suka tsai da daka suka juyo kaina. Mato yayan Biba ne, kuma tun da ya tasa ba a taɓa ganin ƙeyar wani a gabansa ba a gona.

Ashe Kaka Barmo yana bayan danga yana gyaran ƙotar hauya. Sai muka ji gyaran muryarsa.

"Madalla. Aika mishi shi taho jibi, mu gani."

*

Alƙasim yana Buza a lokacin, yana bakansi, wato hutun makaranta, wurin wani abokinsa, yana jiran a ba shi izinin zuwa gaisuwa. Na aika masa. Washegari da la'asar ya tarar da ni a bakin rijiya, da farar rigarsa da tabaransa.

"Jaratuna! Ashe ana tunawa da ni?"

"Mushe..." Na sunkuyar da kai. Ban taɓa kiran sunansa ba, ko a gabansa ko a bayan idonsa. Wace budurwa ke kiran sunan wanda za ta aura?

Na gaya masa abin da na yi. Murmushinsa ya tafi a hankali.

"Hasken idona, mi yas sa? Kin san an kama ni lakwal ina da shekara bakwai. Anka ce sarki shi bada yara, anka duba anka ɗauki maraya. Daga nan sai Tawa, sai Yamai. Wallahi ban taɓa kai sahu guda ƙarshe ba."

"Na sani..."

"To bari in je in hwaɗa ma Kaka gaskiya. Tsoho na, za shi gane."

"A'a!" Na riƙe bakin guga da hannu biyu. "Don Allah, Mushe. Biba za ta kashe ni da dariya. Har in mutu ana ba da labarina cikin dangi."

"Jaratu, ƙarya hure taka, ba ta 'ya'ya."

"Ba wuya gare shi ba! Ka bi na gabanka kawai. Ka san hatsi, ko?"

"Na san hatsi mana."

"Shi ke nan. Dut abin da ba hatsi ba, ciyawa ta. Sare shi!"

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"In don ke na, ko wuta anka ce in shiga, ina shiga. Amma zuciyata ba ta kwanta ba."

Na koma gida da tulu a ka ina jin daɗi, wai na yi dabara. Ko kaɗan tunanin riɗin Inna bai zo mini ba.

*

Inna kakata ce, matar Kaka Barmo, wadda ta haifi uwata. A ƙarshen gandun Kaka, bayan wani jerin gamba da ke nuna iyaka, tana da ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarma shida ba. Riɗi take shukawa a ciki. Irin na uwata ne, wani jan riɗi da ta samo tun tana amarya. Shekara goma sha biyu da rasuwarta, Inna ba ta bari ya ɓace ba. Kowace damina sai ta juye ɗan goran duka ta shuka, kowace kaka ta sake cika shi.

Ba mai shiga wurin. Ko ciyawarsa da hannu Inna ke cirewa, ita kaɗai, idan baƙi sun watse. Duk dangi sun san haka, har yaran goye. Wanda bai sani ba mutum ɗaya ne, kuma ni ce ya kamata in gaya masa.

Ranar gayya tun da hantsi gona ta cika. Maza sun fi arba'in, kowa ya tuɓe riga ya ɗaure gindi. Ali makaɗi ya rataya gangarsa. Alƙasim ya zo da wando irin na birni, ya durƙusa ya gaida Kaka, aka miƙa masa hauya aka sa shi kusa da Mato.

Ganga ta tashi, maza suka duƙa.

Wayyo ni Jaratu! Kafin a ce me, Mato ya yi nisa kamar wanda ake kora. Mutumina kuwa yana nan yana kokawa da ƙasa. Ya kafta nan, ya gyara tabarau, ya kafta can, tabarau ya zame. Tsofaffi masu furfura suka wuce shi. Wani kawunmu mai ɗingishi ma ya wuce shi.

Ali makaɗi bai bar ta ta wuce ba. Ya matso kusa da shi yana kiɗa yana waƙa:

"Mushe mai alli, ƙasa ba allo ba!
Mushe sannu, hatsi bai jin Faransanci!"

Gona ta ɗauki dariya. Muna gefe mu mata da tulunan ruwa, Biba ta dafa kafaɗata.

"Taubashiya, sahu biyu kinka ce ko? Gaba ko baya?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ja gyale na rufe fuska. Shi kuwa ko ɗaga kai bai yi ba. Gumi na zuba, yana ta fama, kuma na lura yana canja riƙo saboda tafin hannunsa ya fara tashi.

Da rana ta take aka kawo abinci, tuwo ƙwarya ƙwarya da fura mai nono. Kowa ya ajiye hauya ya nufi inuwar tsamiya. Mato, da yake ba mugu ba ne, ya kira shi.

"Mushe, taho ka sha hura!"

"Alhamdu lillahi, na ƙoshi."

Tsofaffi suka gyaɗa kai. Ko ba komai ya san wannan: mai neman aure ba ya cin abinci a gaban surukai, ko da yunwa za ta kashe shi. Sai ya juya ya koma kan sahunsa da bai gama ba, shi kaɗai, can ƙarshen gona inda tudu ya kare shi daga idonmu.

Muka ci muka sha. Aka yi ta hira, ana tuna wanda jakinsa ya kayar da shi bara. Na ɗan samu sauƙi da aka manta da ni.

Can sai ga shi yana tahowa, hauya a kafaɗa, fuskarsa cike da murna irin ta yaron da ya ci jarrabawa. Ya durƙusa a gaban Kaka.

"Baba, na gama sahuna. Har na ƙara da wani ɗan wuri bayan gamba, da ciyawa tac cinye. Na share shi tas."

Ludayin da ke hannun Biba ya faɗi cikin ƙwarya.

Inna ta ajiye ƙoƙonta, ta dafa ƙasa ta miƙe, ta nufi wurin ba tare da sandarta ba. Muka bi ta a baya kamar masu rakiyar gawa.

Ya share shi kuwa. Riɗin da ya kai tsawon hannu yana kwance a rana tare da ciyawa, ganye ya fara yaushi. Inna ta tsuguna ta ɗauki guda ɗaya, ta karkaɗe masa ƙasa, ta riƙe. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi.

"Mi... mi ya hwaru?" Alƙasim ya tambaya, yana duban fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. "Ba hatsi ba na... na duba da kyau, ba hatsi ba na."

Mato ya raɗa masa a kunne. Na ga lokacin da maganar ta shige shi, domin ya dafe kai da hannu biyu.

Kaka Barmo ya juyo a fusace.

"Wanga wane irin mutum na, da bai san riɗi ba? Jaratu! Ba ke kinka ce manomi na ba? Ba ke kinka kawo muna shi ba?"

Ido ya fi tamanin a kaina. Na Urno, na Azarori, na Kaita. Na ji bakina ya buɗe, kuma har yau idan na tuna abin da ya fito sai in ji zazzaɓi.

"Ni ban kawo shi ba, Kaka. Wasa nika yi da Biba. Ni ban ma san shi ba sosai... ganin bakin lakwal na kawai."

Ya ji. Yana tsaye bai fi taku biyar da ni ba.

Ya dube ni sau ɗaya. Babu fushi a idonsa, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Sannan ya ajiye hauyar a gaban Kaka, ƙotar duk jini.

"Gaskiya tah hwaɗi, Baba. Ni na kawo kaina. Laihina na ni ɗaya."

Ya durƙusa wajen Inna ya ce ta gafarce shi. Ba ta ɗago ba. Ya ɗauki farar rigarsa ya bi hanyar Buza, a cikin ranar nan, da cikin da bai ga ko ruwa ba tun safe.

*

Da yamma aka yanka akuya kamar yadda aka saba, aka yi kiɗa, 'yan mata suka yi gaɗa. Ni ina ɗaki na ce kaina ke ciwo. Biba ta shigo da nama a akushi ta ajiye, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Jaratu."

"Hita ki ba ni wuri. Ba ke kinka ja ba?"

"Awo, ni na tsokane ki. Aikina na, taubashiya nike." Muryarta babu wasa ko kaɗan, abin da ban taɓa ji ba. "Amma ni ban ce ki yada shi gaban mutane ba. Mutum ya zubar da jini don ke, kinka ce ba ki san shi ba? Ko kare anka yi ma haka, ai a ji kunya."

Ta fita. Na kifa kai a kan tabarma na yi kuka har muryata ta dushe. Naman nan haka aka fitar da shi da safe.

Gari na wayewa Inna ta leƙo.

"Tashi. Ɗauko tulu ki biyo ni."

Muka tafi gona. Da muka tsallake gamba sai na tsaya cik, ruwa ya fallatso mini a wuya.

Wani ya riga mu zuwa. An bi riɗin da aka sare ɗaya bayan ɗaya an sake dasa shi, an kafa wa kowane ɗan tsinke an ɗaure shi da zaren farin ƙyalle don kada ya faɗi. An jera su sahu sahu, daidai wa daida, kamar yara a aji. Duk sun langaɓe, domin abin da aka raba da saiwarsa ba ya komawa. Na gane ƙyallen. Farar rigarsa ce ya yayyage.

Inna ta daɗe tana kallo. Sai na ji ta yi wani ɗan sauti, ban san ko dariya ba ce ko kuka.

"Wawan Allah... shina ɗaure matacce da tsinke."

Ta shiga tana duddubawa, tana ɗaga ciyawa da yatsa. Can ta ce in kawo ruwa. A gindin gamba, da gefen wani dutse, da nan da can, akwai waɗanda hauyarsa ta tsallake. Suna tsaye kore shar. Muka ƙirga goma sha ɗaya.

Muka ba su ruwa. Sannan ta zauna a kan dutsen ta ce in zauna.

"Kin taɓa jin na kira sunan uwarki?"

"A'a, Inna."

"Ɗiyar hwari ta. Ba a kiran suna, ba a wasa da ita gaban mutane, ba a nuna ana so. Haka munka taras, haka niy yi. Sai in ce ke, ko in ce waccan. Randa ciwo yak kada ta, tana kwance tana kallona, tac ce, Inna, ko sau guda ki kira ni in ji. Ɗaki cike da mutane. Nid duba su, nij ji kunya... nic ce, ke dai sha maganinki."

Ta murza ganyen riɗin da ke hannunta.

"Kahin la'asar ta tahi. Ko kuka ban yi ba, kada a ce ba ni da kunya. Shi na kika gani nika zuwa nan ni ɗaya."

Hawaye suka zubo mini.

"Inna, ni na ce mishi dut abin da ba hatsi ba shi sare. Ya so shi hwaɗa ma Kaka bai iya noma ba, ni na hana shi."

"Na sani. Yaron da yaƙ ƙi cin tuwon surukai bai yi kama da mai cika baki ba." Ta dube ni ido cikin ido. "Shi riɗi yak kashe, kuma bai sani ba. Ke da kinka sani, mi kinka kashe?"

Na buɗe baki zan ba ta haƙuri, ta ɗaga hannu.

"Ba ni za ki hwaɗa ma ba, jikata. Inda kinka zubar, can za ki kwashe."

*

Da la'asar dangi suka taru a gindin rumbu, maza a kan buzaye da tabarmi, mata a bayansu. Kaka ya fara yanke maganganu. Wance za a kai ta Urno bayan girbi, wane za a nema masa 'yar Kaita. Sunana bai fito ba, kuma kowa ya san dalili.

Sai aka yi sallama a ƙofar gida.

Shi ne. Rigar aro ce a jikinsa, ta yi masa yawa. Hannayensa biyu a naɗe da tsumma, yana rungume da ɗan ƙulli. Ya tsuguna nesa da tabarmi, bai dubi inda mata suke ba.

"Baba, ku gahwarce ni. Kamyon Madawa, babbar motar nan, na tashi gobe da sahe, nic ce ba ni tahiya ban sake roƙon Inna ba. Ga wanga... riɗi na, na samo kasuwar Buza. Na san ba shi na ba. Amma ban san abin da zan kawo ba."

Kaka ko kallon ƙullin bai yi ba.

"Mun ji. Allah shi kiyaye hanya. Tunda yarinya ta ce ba ta san ka ba, ba mu da wata magana da kai."

"Haka na, Baba."

Ya ajiye ƙullin ya yunƙura zai tashi.

Budurwa ba ta magana a gindin rumbu, ko matan aure sai an tambaye su. Na dubi Inna, ita kuwa ƙasa take kallo. Na ga bayansa ya nufi ƙofa, na san in ya fita shi ke nan.

"Alƙasim!"

Ni kaina sai da na firgita da jin sunan a bakina. Mata suka dafe ƙirji. Gwaggon Azarori ta ce, "La ilaha! Ta kira sunanai!"

Ya tsaya, bai juyo ba.

Na ratsa ta tsakiyar mata na fito fili na durƙusa.

"Kaka, ƙarya niy yi. Sau biyu niy yi ƙarya. Ni na ce ya hi Mato noma, alhali na san bai taɓa noma ba. Ya ce za shi hwaɗa muku gaskiya, ni na roƙe shi kada shi hwaɗi. Ni na ce dut abin da ba hatsi ba shi sare, ban gaya mishi riɗin Inna ba. Ni na kashe riɗin uwata, ba shi ba!"

"Ke, rufa muna baki!" in ji wani kawu.

"Bari in ƙare, Kawu, in ya so ku kashe ni. Na ce ban san shi ba... Wallahi na san shi! Na san shi, kuma shi nika so. In ba ku ba ni shi ba, ku dai sani mutumin kirki na, ni ce ban cancance shi ba."

Kuka ya ci ƙarfina. Na kifa goshi a ƙasa, ina jin idanun dangi a bayana kamar garwashi. Kunyar jiya da ta yau ba a haɗa su, ta yau ta fi zafi, amma ita ina iya numfashi a cikinta.

Kaka ya kafa mini ido yana shafa gemu.

Sai muryar Inna, a hankali, tana magana da Kaka.

"Malam, goma sha ɗaya sun tsira."

"Mi?"

"Riɗin. Goma sha ɗaya na nan tsaye, hauyatai ta tsallake su." Ta juya wajen Mato. "Kai Mato, da kai ne kash shiga wurin nan da hauya, nawa za ka bari?"

Mato ya sosa ƙeya.

"Wallahi Inna, ko ɗaya."

"To kun ji. Da manomin kirki Jaratu tak kawo muna, da iri ya ɓace. Allah ya taimake mu tak kawo wanda bai iya ba."

Biba ce ta fara fashewa. Daga nan dariya ta kama gidan kamar wutar kara, har Kaka ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa na motsi. Ni ina ƙasa ina kuka ina dariya, majina da hawaye duk sun haɗu.

Da aka lafa, Kaka ya nuna Alƙasim da sanda.

"Kai Mushe, dawo zamna. Kana son wagga mai dogon baki har yanzu?"

Sai a lokacin ya juyo. Idanunsa sun yi ja. Ya dube ni, ya sunkuyar da kai.

"Baba, ko jiya ban daina ba."

"To bakansinka ya ƙare nan. Kullum da sahe ka bi tsohuwa gona ta koya maka ciyawa da abin da ba ciyawa ba. Ran da kag gane riɗi, ka aiko manyanka."

*

Wata biyu ya yi yana bin Inna da tulu. Tafin hannunsa ya warke ya yi kanta. Har yau bai iya noma ba, kada in yi muku wata ƙaryar, amma ko cikin barci aka nuna masa riɗi zai gane shi.

An ɗaura aurenmu bayan girbi. Biba ce babbar ƙawa, kuma har aka kai ni ɗaki tana raɗa mini, "Sahu biyu, taubashiya!"

Ranar da za mu tafi Madawa, an ɗora kayana a kan jakuna, dangi sun cika ƙofar gida ana sallama. Inna ta fito da ɗan goranta. Abin da goma sha ɗayan nan suka bayar bai fi cikin tafi biyu ba. Ta zazzage rabi a wani farin ƙyalle, na gane shi, guntun rigar nan ne ta wanke ta ajiye. Ta ƙulle ta kama hannuna da na Alƙasim ta haɗa, ta sa ƙullin a ciki.

"Ku shuka bayan lakwal. Kada ku bari shi ɓace."

"In Allah ya so, Inna," in ji shi.

Ba ta saki hannunmu ba. Ta ɗaga kai ta dubi mutanen da ke tsaye, na Urno da na Azarori da na Kaita, duk suna jinta.

"Riɗin Amina na," ta ce. "Amina... ɗiyata Amina."

Sannan ta zauna a bakin ƙofa, a gaban kowa, ta yi kukan da ta riƙe shekara goma sha biyu.